Kwana Dubu a Allon Kamfani

Gara in faɗa muku tun farko, wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta ko da damina abin ya faru ko da rani. Akwai kuma wata magana da aka yi a ofishin manaja, wadda da can nake riƙe da ita kalma bayan kalma, yanzu guntunta kawai ya rage a kaina. Abin da ya saura shi zan ba ku, ba zan cike gurbin da ƙarya ba.

Akwai wani dattijo mai gadin babbar ƙofar wani kamfanin yin kwali. Shekararsa goma sha tara a kan benci ɗaya.

Kamfanin ba ƙarami ba ne. Gidajen da ma'aikata ke zaune a ciki nasa ne, layi bayan layi, fenti iri ɗaya. Famfon unguwar nasa ne, makarantar yara tasa ce. Jiniyarsa ce agogon kowa. Idan ta yi kukan ƙarfe biyar, mata su ɗora tukunya. Ran da ta lalace kwana biyu, rabin unguwar sun makara da komai.

A saman ƙofar akwai wani koren allo na ƙarfe, an rubuta da farin fenti: KWANAKIN DA MUKA YI BA HATSARI. A ƙasan rubutun ƙugiya huɗu ne, inda ake rataya lambobi. Lambobin 'yan fale-falen ƙarfe ne, suna zaune cikin akwatin katako a ƙarƙashin bencin dattijon. Kullum da safe kafin jiniyar bakwai, sai ya jingina tsani, ya hau matakala shida, ya cire lambar jiya ya rataya ta yau. Shi ya sa kowa ke ce masa Baba Mai-allo.

Kusa da bencinsa, daga cikin ƙofa, motar asibitin kamfani ce a ajiye. Fara fat. Direbanta yana wanke ta kowace safiya, ya goge gilashi, ya tayar da ita minti biyar don kada batir ya mutu, ya kashe.

"Direba, yau ina za mu?" haka Baba Mai-allo ke tsokanarsa daga saman tsani.

"Inda muka je jiya, tsoho. Ka riƙe tsaninka da kyau. Idan ka faɗo, ni ba zan ɗauke ka ba, za ka ɓata mini kujera."

Su yi dariya. Motar ta shekara biyu da rabi ba ta ƙetare ƙofar ba.

Ga dalili. Hedikwatar kamfanin, can wani wuri mai nisa da ba wanda ya taɓa gani cikinsu, ta aiko da sanarwa cewa duk masana'antar da ta cika kwana dubu ba hatsari, za a ba 'yan wucin gadinta takardar tabbatar da aiki. 'Yan wucin gadi a nan sun kai ɗari biyu. Duk wata uku ake sabunta musu aikin, ko a ƙi. Wanda aka ƙi sabunta masa, sai ya bar gidan kamfani, ya cire 'ya'yansa daga makarantar kamfani. Saboda haka takardar nan ba takarda ba ce kawai a wurinsu. Rufin ɗaki ce.

Dokar ƙirgar kuwa mai sauƙi ce. Idan motar asibiti ta fita, ko aka fitar da wani da rauni ta babbar ƙofa, mai gadi zai rubuta a littafin ƙofa, a ranar allo ya koma sifili. Abin da ba a rubuta ba, a wurin kamfani bai faru ba.

Ba wanda ya ba da umarni. Ina so ku riƙe wannan. Manaja bai taɓa tara mutane ya ce a ɓoye rauni ba. Ma'aikatan da kansu suka gano hanya. Idan inji ya ciji mutum, abokan aikinsa sai su tuɓe masa shuɗin kayan aiki, su sa masa kayansa na gida, su fitar da shi ta 'yar ƙofar baya inda ake zubar da ragowar kwali. Lungun da ke bayanta mota ba ta shiga, sai baro. Idan an kai babban asibitin gari, mutum ya ce a gida ya ji ciwo.

Har ma'aikatan jinya na asibitin sun mayar da abin raha. Da sun ga an shigo da mutum hannu a naɗe, sai su ce, "Wani ɗan unguwar kamfani ne? Ku kam gidajenku sun fi kowane inji haɗari. Me matanku ke yi muku ne?"

Baba Mai-allo ya san duk wannan. Kowa ya sani. Shi dai ƙofarsa ba a bi ta cikinta ba, littafinsa tsaf yake.

Yana da 'ya guda, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta. Mijinta ɗan wucin gadi ne a sashen injin matsa kwali, wani siririn mutum da ake ce wa Mai-fito, don ba ya tafiya sai da fito a bakinsa. Idan ya zo daidai bencin surukinsa sai ya haɗiye fiton, ya rusuna ya gaishe shi, ya wuce taku goma, ya ci gaba daga inda ya tsaya. 'Ya'yansu biyu, suna zaune a layi na huɗu.

Ranar da allo ke nuna ɗari tara da tamanin da bakwai, wajen ƙarfe uku na yamma, ƙarar injin matsa ta tsaya.

Wanda ya daɗe a bakin masana'anta ba ya jin ƙara, shiru yake ji. Baba Mai-allo ya ɗaga kai. Direba ya ajiye tsumman hannunsa.

Jim kaɗan sai ga heluman sashen, wato shugaban ma'aikatan injin, yana tafe da sauri irin na wanda ba ya son a ce gudu yake yi. Gaban rigarsa ya jiƙe, ba da gumi ba.

"Baba, kada ka buɗe ƙofa. Kada kowa ya shiga, kada kowa ya fita."

"Wane ne?"

"Muna kula da shi."

"Na ce wane ne?"

Heluma ya dubi ƙasa. "Mai-fito ne. Hannu ne. Amma da bakinsa ya ce a bi da shi ta baya, wallahi ba mu muka ce ba."

Direba ya riga ya buɗe ƙofar mota. "Tsoho, buɗe mini. Minti goma mun isa."

"Kwana goma sha uku suka rage," in ji Heluma, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mutum ɗari biyu, Baba. Har da shi kansa. Har da jikokinka. Ka buɗe ƙofar nan, yau ɗin nan da hannunka za ka rataya sifili, mu koma farko. Shekara uku."

Makullin yana hannun dattijon. Bai san lokacin da ya ciro shi ba. Ya dubi makullin, ya dubi motar, ya dubi Heluma.

"Hannun da sauƙi?"

"Da sauƙi, in Allah ya yarda."

Ya mayar da makullin aljihu, ya zauna a kan benci.

Direba ya daɗe tsaye, ƙafa ɗaya a cikin mota, ɗaya a ƙasa. Daga baya ya rufe ƙofar a hankali, ya ɗauki tsummansa, ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge.

Abin da ya faru a ciki, daga baya aka ba dattijon labari. Hannun rigar aikin ya manne da naman, ta ƙi fita. Aka aika neman almakashi. Kayan gidansa suna cikin akwatin ajiya, makullin akwatin ya faɗi a ƙarƙashin inji, sai da aka fasa. Mutum huɗu suna fama da maɓallin riga, jini yana zuba. Ba wanda ya ce a bar rigar a tafi. Ba su taɓa fitar da mutum da shuɗin kaya ba, tunanin hakan bai ma zo musu ba. Sannan baro, sannan lungu, sannan tsayuwa a bakin titi ana tsayar da motocin da ba sa son jini a kujerarsu.

Sai kusan ƙarfe biyar suka isa asibiti.

Da ya tashi aiki ya tafi can. Ya tarar da 'yarsa zaune a kan wani dogon benci a baranda, takalmanta ƙafa ɗaya nata, ɗaya na mijinta. Ba ta kuka.

"Sun yanke," ta ce. "Daga nan." Ta nuna saman wuyan hannunta na dama. "Likita ya ce da an kawo shi da wuri da ya gwada ɗinki."

Ya zauna kusa da ita.

"Baba, ta ƙofarka aka fito da shi?"

"A'a, Uwata."

"Haka na zata."

Wata mai shara ta zo ta ce su ɗaga ƙafa, suka ɗaga, ta share ta wuce. A takardar da ke rataye a jikin gadon an rubuta cewa a gida ya ji ciwo. Mai-fito da kansa ya faɗa, kafin a yi masa allurar barci.

Washegari Baba Mai-allo ya jingina tsani, ya hau matakala shida, ya cire bakwai ya rataya takwas.

Ya jira ya ji wani abu a ransa. Bai ji ba. Ya lura dai ƙugiya ta uku ta fara tsatsa, ya ce a ransa gobe zai zo da mai ya shafa mata. Ya sauko. Direba bai tsokane shi ba, shi ma bai tsokani Direba ba. Ma'aikata suka yi ta wucewa suna gaishe shi da ladabin da ya fi na kullum. Wani ma ya ajiye masa leda da lemo a gefen benci, bai tsaya ba.

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Yana cin abinci, ba ya jin ɗanɗano. Yana zuwa asibiti da yamma, ya tsaya daga bakin ƙofar ɗaki, ya yi sannu, ya dawo.

A masana'anta kuwa shirin biki ake yi. An yi wa ƙofa sabon fenti. An raba wa kowa hula mai tambarin kamfani. Bayan jiniyar biyar a tara ma'aikata a fili a koya musu inda za su tsaya da lokacin da za su tafa. Babban baƙo zai zo daga hedikwata, an kuma gayyato sufeto daga ofishin gwamnati mai kula da ma'aikata, don ya ga abin koyi.

Rana ta takwas da faruwar abin, aka kai wa 'yar dattijon wasiƙa har gida. Mijinta ya yi kwana bakwai bai zo aiki ba, ba kuma da dalilin da ya shafi aiki ba. An soke aikinsa. Su bar gidan cikin kwana talatin.

Dattijon ya karɓi wasiƙar ya tafi da ita ofishin manaja. A shekara goma sha tara, wannan ce shigarsa ta biyu.

A nan ne maganar ta kuɓuce mini. Na san manajan ba mugun mutum ba ne a fuska. Ya miƙe ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa mai sanyi, ya tambayi jikin mai jiki. Sun yi magana mai ɗan tsawo, wadda na manta. Ƙarshenta kawai nake riƙe da shi.

"Baba, ni da takarda nake aiki," in ji manaja. "Da a ce a wurin aiki ya ji ciwo, kamfani zai ɗauki komai, magani, gida, har da wani aikin da zai iya. Doka ce. Amma asibiti sun ce a gida ne. Shi ma ya ce a gida ne. Kai ne mai littafin ƙofa. Ka rubuta wani abu ranar?"

"Ban rubuta ba, ranka ya daɗe."

"To ka gani."

Ya sha ruwan, don an riga an kawo. Ya yi godiya ya fito.

Ranar da aka sallamo Mai-fito, dattijon ya je layi na huɗu. Ya tarar 'yarsa ta fara haɗa kaya. Kwanuka a kwali ɗaya, littattafan yara a wani. Duk kwalayen na kamfanin ne, da tambarinsa a gefe.

"Ina za ku?"

"Yayansa ya ce zai ba mu shago mu zauna kafin a ga abin da Allah zai yi." Ta ci gaba da naɗe kofuna da tsohuwar jarida. "Ban ce ka yi komai ba, Baba. Kada ka ce na ce."

Mai-fito yana zaune a ƙofar ɗaki, dungun hannun a naɗe bisa cinyarsa. Ya yi ƙoƙarin rusunawa, dattijon ya ce ya zauna.

"Baba, na ji ka je wurin manaja. Don Allah a bar maganar. Ni na ce a bi da ni ta baya. Kwana uku suka rage. Idan ban samu ba, wasu su samu. Kada a ce a kaina mutane suka rasa."

"Na ji."

"Da wani ne ya ji ciwon, ni ma da ni za a tura baron. Na tura sau biyu."

"Na ji," ya sake cewa.

Ƙaramar jikarsa ta zo ta tambaye shi ko a sabon gidan akwai famfo. Ya ce bai sani ba.

Ran kwana dubu, tun da sassafe aka lulluɓe allon da wani jan ƙyalle, aka ɗaura masa igiya, don babban baƙo ya ja da hannunsa. Manaja ya aiko a gaya wa Baba Mai-allo ya shiga ta ƙarƙashin ƙyallen ya canza lambar kamar kullum, kada ya yaye shi.

Ya ɗauki akwatin, ya jingina tsani, ya hau. A bayan ƙyallen komai ja ne, har hannuwansa. Ya cire tara, ya cire tara, ya cire tara. Ya ciro ɗaya da sifili uku.

Bai yi wani dogon tunani ba. Waɗanda suka ba da labarin daga baya sun so su ce ya kwana yana shawara, ko zuciyarsa ta tafasa. Shi ya ce ba haka ba ne. Ya ce yana tsaye ne kawai, sai ya ga shekara goma sha tara aikinsa ɗaya ne a duniya, ƙirga kwana, kuma ya san ƙirgar. Ya lanƙwasa yatsunsa yana lissafi daga ranar da injin ya yi shiru. Yatsun suka ƙare, ya sake farawa, ya tsaya a na uku.

Ya rataya sifili, ya rataya sifili, ya rataya ɗaya, ya rataya uku.

Ya sauko, ya buɗe littafin ƙofa, ya koma baya shafi goma sha uku. A ƙasan shafin akwai ɗan fili. Da rubutunsa mai karkata ya rubuta lokacin da inji ya tsaya, da wanda ya ji ciwo, da cewa an nemi ya buɗe wa motar asibiti ƙofa bai buɗe ba. Ya sa hannu, ya sa kwanan watan yau.

Direba yana tsaye a kansa yana karantawa.

"Tsoho, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na ƙirga ne."

"Za su cinye ka ɗanye. Ba manaja ba, mutanenmu."

"To."

Direba ya tsaya yana sosa ƙeya. Can ya ce, "Ba ni biron. Rubutunka kamar tafiyar kaza, wa zai yarda da shi shi kaɗai?" Ya sa hannu a ƙasan na dattijon.

Ƙarfe goma baƙi suka iso. Ma'aikata sun jeru da sababbin huluna. Manaja ya yi jawabi, babban baƙo ya yi jawabi, ya ce kamfani uwa ne ga ma'aikatansa. Mai ɗaukar hoto ya durƙusa ya saita. Baƙon ya kama igiya ya ja, ƙyallen ya zame ya faɗo.

Tafi ya tashi, yadda aka koya musu. Na baya ba su ma ɗaga kai ba. Sai da na gaba suka daina, sannan shirun ya bi layi-layi har ya kai ƙarshe. Mutum ɗaya can baya ya ƙara tafi biyu shi kaɗai.

Manaja ya yi dariya. "Tsufa ne, ranka ya daɗe. Idon Baba ya fara gajiya." Ya juyo da murmushi. "Baba, hau ka gyara mana. Kuskure ne, ko ba haka ba?"

Tsanin yana nan jingine. Mutum ɗari biyu suna kallonsa. Ya ga Heluma, ya ga wanda ya ajiye masa lemo. Idan ya hau, komai ya wuce, har a yi dariyar abin shekara da shekaru.

"Ba kuskure ba ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Yau kwana goma sha uku."

Sufeton gwamnati, wani gajeren mutum da tun zuwansa yake hamma, ya cire tabarau ya goge. "Kwana goma sha uku da me, Baba?"

Dattijon ya je bencinsa ya ɗauko littafin, ya miƙa masa da hannu biyu.

Ba a ci abincin bikin ba. Baƙon ya shiga mota ya tafi kafin azahar.

Kada in yi muku daɗin baki, abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne. A cikin makon aka sallami Baba Mai-allo, aka ce shekarunsa sun kai. Aka karɓi makulli, aka ce ya bar ɗakinsa. Takardun tabbatar da aiki ba su zo ba. Idan ya bi layi, maza su shige gida. A bakin famfo wata mata ta janye bokitinta daga kusa da nasa. Heluma ya tare shi a hanya, idonsa jawur.

"'Ya'yana biyar, Baba. Shekara uku muna lallaɓa abin nan kamar ƙwai. Saboda surukinka ka fasa mana."

"Da na buɗe ƙofar ranar, da yana da hannu," in ji dattijon. "Ni da kai muka yi. Ni dai na rubuta nawa."

Heluma ya tofar da yawu gefe ya wuce.

Shi kansa Mai-fito sai da ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da surukinsa.

Amma sufeton nan mai hamma ya dawo. Ya ajiye tebur a fili, ya ce duk wanda ya taɓa jin ciwo a gida cikin shekara ukun nan, yana son ganinsa. Ranar farko ba wanda ya zo, sai Direba. Rana ta biyu wani mai yatsa uku ya zo ya tsaya nesa, ya tafi, ya dawo, ya ɗora hannunsa a kan tebur. Kafin mako ya ƙare mutum goma sha bakwai sun zauna a gaban teburin. Na ƙarshensu Heluma ne. Ya cire takalminsa na hagu ya nuna raunin da shi ma ya ce a gida ya same shi.

Kamfanin bai tuba ba, kamfani ba ya tuba. Lauyoyinsa sun zo sun duba, suka ga gyara ya fi musu sauƙi a kan shari'a. Aka canza takardar Mai-fito, aka rubuta a wurin aiki ya ji ciwo. Aka janye wasiƙar barin gida, aka ba shi aiki a ɗakin ajiyar kaya, na dindindin. Aka sa wa injin matsa murfin kariya, wanda ashe ya daɗe a sito cikin ledarsa, ba a ɗaura ba don yana rage sauri. Aka toshe ƙofar baya da bulo. Manajan aka mayar da shi wani reshe, an ce ma girma ya ƙaru.

Ranar da dattijon zai bar ɗakinsa, yana ɗaure tabarma sai ga 'yarsa a bakin ƙofa, mijinta a bayanta da baro.

"Baba, ɗora kayanka."

"Ina za ni?"

"Layi na huɗu. Na share ɗakin da ke kusa da kicin."

"Uwata, ni da na hana..."

"Na sani," ta ce. "Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Ɗora kayanka, rana tana yi."

Mai-fito ya kama baron da hannun hagu, ya tokare ɗaya gefen da dungunsa. Baron ya karkace. Dattijon ya kama ɗaya hannun, suka tura tare.

A gidan ya ƙarasa kwanakinsa. Wasu a unguwar sun dawo suna gaishe shi, wasu har ya bar duniya ba su ƙara yi masa magana ba. Cikin ɗari biyun nan akwai waɗanda ba a sabunta musu aiki ba, suka kwashe iyalinsu suka tafi, kuma da sunansa a bakinsu suka tafi. Ya san da haka. Bai taɓa cewa an zalunce shi ba.

Abu ɗaya ne ban yarda da ƙwaƙwalwata a kansa ba, sai da na je na tambayi Direba, ya ɗauko mini littafin motarsa na gani da idona. A shekarar da ta biyo baya, motar asibitin ta fita ta babbar ƙofa sau tara. Allon bai ƙara kaiwa ko kwana ɗari ba. Mutum taran nan kuwa duka sun koma bakin aiki da gaɓoɓinsu cikakku.

Darasi: Kamfani mai ƙarfi ba sai ya ce ka yi ƙarya ba. Ya isa ya riƙe gidanka da makarantar 'ya'yanka, ya rataya lamba a sama, kai da kanka za ka tuɓe wa ɗan'uwanka riga yana zubar da jini. Duk lambar da sai an ɓoye mutum take kyau, ba ta lafiya ba ce. Idan makullin yana hannunka, buɗe ƙofar tun a ranar, don gaskiyar da aka jinkirta tana iya ceto gida amma ba ta mayar da hannu. Ku tura wa wani ma'aikaci da kuka sani, ku tura wa wani mai kamfani ma, idan kuna da lambarsa.